Kakar Mahaifiyata Ta Tsufa Ƙwarai: Ta Ina Zan Fara Adana Tarihinta?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Kakar mahaifiyata tana raye, ni tattaɓa-kunnenta ce. A gida ana cewa ta kai shekara 110, amma babu takardar haihuwa. Ita kaɗai ta rage cikin tsararrakinta, ita kaɗai kuma ta san asalinmu da sunayen magabata. Bana jikinta ya yi sanyi: ba ta ji sosai, tana saurin gajiya, wani lokaci ta maimaita labari ɗaya sau uku. Na gwada ɗaukar ta a bidiyo ranar da dangi suka taru, sai ta yi gum, abin da na samu hayaniya ce kawai. Akwai tsofaffin hotuna a akwatinta, ƙanwar kakata ta hana kowa taɓawa. Kakata ita ce 'yarta ta biyu, shekarunta 74, kuma tana da wa da ya rasu wanda ya girme ta da shekara 3. Ina tsoron ta tafi ban adana komai ba. Ta ina zan fara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara mata lafiya, ya sa ku rabu lafiya.

Ki fara da muryarta, kuma a makon nan. Hotuna ba za su gudu ba, lissafin shekaru zai jira, jerin sunayen zuri'a ma akwai masu iya cike rabinsa ko bayan ranta. Abin da ba mai iya mayar miki da shi shi ne yadda take magana: inda take tsayawa ta ja numfashi, yadda take ambaton mahaifiyarta, dariyar da ke ƙwace mata kafin ta kai ƙarshen labari. Yawancin asarar da ake yi a wannan aiki ta wajen jira take zuwa, jiran a sayi kyamara mai kyau, jiran hutu, jiran ta ɗan ji sauƙi. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Gwajinki na farko bai yi ba ne saboda taron. Kunnen da ya tsufa ba ya iya tace murya ɗaya daga cikin goma, duk sai su haɗe masa su zama gunaguni. Sannan dattijuwa a gaban 'ya'yanta da surukanta tana auna kowace kalma, ga kuma waya an ɗaga an saita mata a fuska. Ko mai ƙuruciya aka yi wa haka zai kame. Don haka ku zauna ku biyu, ko ku uku in akwai wadda ta saba da ita har take fahimtar maganarta fiye da ke. Ita ma ta ukun ki roƙe ta tun kafin a fara kada ta riƙa amsa tambaya a madadinta.

Lokaci ki tambayi mai jinyarta, ita ta san sa'ar da hankalinta ya fi kwanciya. Ga yawancin tsofaffi da hantsi ne, bayan sun karya, sun sha magani, an gyara musu jiki. Ki guji yamma liƙis, domin masu matsalar mantuwa da yawa sun fi rikicewa idan rana ta yi sanyi. Zama ɗaya kada ya wuce minti 30 zuwa 40. Ƙungiyar StoryCorps ta Amurka, wadda tun 2003 take naɗar hirarrakin mutane da danginsu, minti 40 take ware wa hira, kuma masu shiga galibi ba su kai shekarun kakar mahaifiyarki ba. Zama goma gajeru sun fi zama ɗaya na yini guda albarka nesa ba kusa ba. Da kin ga amsoshinta sun fara gajarta, tana lumshe ido, tana yawan gyara zama, ko ta ce "to, haka dai", ki rufe zancen. Gara ki tashi tana da sauran magana a baki, gobe ita za ta aiko a kira ki.

Wayarki ta isa. Ki sa ta a yanayin jirgin sama, don kira ɗaya yana iya katse naɗin ba ki sani ba. Makirfon yawancin wayoyi a gindi yake, to gindin za ki juya wajenta, tazarar taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi daga bakinta, wato santimita 20 zuwa 30. Kada ki riƙe a hannu, motsin yatsu yana shiga. Kada kuma ki ajiye a kan tebur tsirara, ki ninke zane ki ɗora a kai ko ki sa a kan matashi. Ɗaki mai katifa da labule da shimfiɗa ya fi falo mai tayil, saboda kayan laushi suna shanye amsa-kuwwa. A kashe talabijin da rediyo. Fanka ita ce babbar mai ɓata aiki: kunnenki ya saba da ita ba ya jin ta, amma a naɗi ita za ta danne muryar tsohuwa. In zafi bai bari a kashe ba, a kawar da kanta daga wayar. Ki naɗi daƙiƙa 30 na gwaji, ki saurara da abin sa wa a kunne, sannan ki fara. Da bakinki za ki buɗe kowane naɗi: kwanan wata, wurin da kuke, da sunayen waɗanda ke ɗakin.

Manhajar naɗar murya za ki yi amfani da ita, ban da saƙon murya na WhatsApp, wanda yake matse sauti kuma ya bar shi cikin hirar da za a iya gogewa da kuskure. In manhajar ta ba ki zaɓin irin fayil ɗin da za ta ajiye sautin, wanda ake kira WAV ya fi inganci, awa ɗaya kan ci kusan megabait 320. M4A ko MP3 mai kyau kan ci wajen 60, kuma ya wadatar idan wayar ba ta da wuri. Bidiyo ki bar shi sai zama na huɗu ko na biyar, bayan ta manta da wayar, kuma minti biyar sun isa: fuskarta, hannuwanta, yadda take zama.

Batun ji, kada ki yi mata ihu. Raunin ji na tsufa siraran sautuka yake fara ci, irin su s, sh, f da t, shi ya sa take jin ana magana amma ba ta rarrabe kalmomin. Ihu ƙara sirantar da murya yake yi, ya kuma sa fuska ta yi kamar ta mai faɗa. Ki zauna daidai tsayinta, haske a fuskarki don ta ga leɓɓanki, ta gefen kunnen da ya fi ji, ki kaurara murya kaɗan, ki yi a hankali. In ba ta gane ba, sauya kalmomin ya fi maimaita su. Ki ajiye mata ruwa kusa, bushewar baki tana cinye magana.

Sai tambayoyin, kuma nan ne aikin yake. "Kaka, ba ni tarihin rayuwarki" ba tambaya ba ce, kaya ne da ba wanda ya san ta inda zai ɗauka. Amsar da za ki samu ita ce "mun sha wuya, mun gode Allah", shi ke nan. Ki tambayi ƙaramin abu mai siffa. Ɗakin da kuke kwana kina yarinya, ina ƙofarsa take kallo? Wa ke kwana kusa da ke? Wa ke tashin ku da safe, kuma me yake cewa? Wace ce ƙawarki ta farko, me ya raba ku? Me kika taɓa yi aka yi miki faɗan da ba ki manta ba? Kuɗin farko da kika samu da hannunki, me kika yi da su? Tambayar da ake amsawa da "e" ko "a'a" ki rage ta, wadda kika cusa amsar a ciki kuma, irin "ai babanku mai zafi ne ko?", ki bar ta gaba ɗaya, don tsoho yakan amince kawai ya huta. Masu nazarin tunani sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya fi riƙewa idan ya manyanta shi ne abin da ya faru tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa. Can za ki fara, ba daga haihuwa ba, ba kuma daga bara ba.

Idan ta yi shiru, ke ma ki yi. Ki ƙirga goma a zuci kafin ki ce komai. Shirun nan ba ƙarewar magana ba ne, tono take yi, kuma sau da yawa abin da ke fitowa bayansa ya fi duk abin da ya gabata. Ki riƙa gyaɗa kai maimakon "uhm, uhm", don muryarki ta fi tata ƙarfi, za ta rufe mata kalmomi.

Abin da aka sa a hannu ya fi tambaya buɗe baki. A ce akwai zoben da ya side har zanensa ya goge, ko makullin da ba a san ƙofarsa ba. Ki ɗora mata a tafin hannu, ki bar ta ta juya shi, ta shafa da babban yatsa, ta kai shi kusa da ido. Kada ki ce "na wane ne?", sunan mutum ɗaya za ki samu. Ki ce "ranar da ya shigo hannunki, wa da wa ke wurin?" Ƙanshi ma yana yin wannan aiki, haka waƙa. Mai mantuwa yakan rasa sunan jikansa amma ya rera waƙar yarintarsa ba gargada. Kuma kada ki kashe wayar da zarar kun yi sallama, sai kin kai bakin ƙofa, don "af, na manta ban gaya miki ba" a nan take zuwa.

Maimaita labarin da ya dame ki, a wannan aiki riba ce. Ki naɗi duka ukun. Idan kika jera su za ki ga na biyu ya zo da sunan da babu a na farko, na uku ya zo da dalilin tafiyar. Tun 1963 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Robert Butler, ya rubuta cewa waiwayen da tsofaffi ke yi kan rayuwarsu abu ne na ɗabi'a, hanyar daidaita lissafi da kai ce, bai kamata a ɗauke shi alamar ruɗewa ba. Kada ki gyara mata. In ta ce abu ya faru kafin aurenta, kakarki ta ce bayan auren ne, ki rubuta duka biyun, kowanne da "in ji wance". Gyara ɗaya a gaban mutane yana iya rufe bakin dattijuwa na mako guda. In ta yi kuka, musamman kan 'ya'yan da ta binne, kada ki yi saurin sauya zance. Ki riƙe hannunta, ki tambaye ta a ci gaba ko a tsaya, ki bi abin da ta ce.

Abu ɗaya dai ba na jira ba ne. Idan cikin kwana ɗaya ko biyu ta rikice fiye da yadda aka saba, ta daina gane mutane, ko barci ya yi mata yawa, ki ajiye waya a kai ta wajen likita. Rikicewar farat ɗaya a tsoho sau da yawa daga ciwon mafitsara ko na ƙirji take, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko sabon magani, kuma ana magance ta.

Shekarun nan 110, mu yi lissafi da abin da kika ba mu. Kakarki 74, wanta da yana raye da ya kai 77. In tsohuwar ta haife shi tana tsakanin 16 da 22, to yanzu tana tsakanin 93 da 99. Kafin ta kai 110 sai dai in tana da 33 ta yi haihuwar fari, abin da yake yiwuwa amma ba shi ne ya fi kusa ba, sai fa in akwai 'ya'yan da suka riga shi suka rasu ba a ƙirga su. Ki tambaya. Ki kuma bincika da wace shekara ake ƙirgar, don shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, shekara 100 ta wata daidai take da wajen 97 ta rana. Ƙarin shekaru ga tsofaffi ruwan dare ne a duk inda ba a rubuta haihuwa, kowa ya zo sai ya ɗora biyar. Wadda aka tabbatar da takardu ta fi kowa daɗewa a duniya, Jeanne Calment ta Faransa, shekara 122 ta yi, daga 1875 zuwa 1997, kuma masu haura 110 ƙalilan ne ƙwarai. Don ki matse lissafin, ki ɗaure rayuwarta da abubuwan da aka san shekararsu. Lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, ta yi wayo? Ta yi aure? Wa take goyo lokacin wata babbar yunwa, ko ambaliya, ko rasuwar wani shugaba? Husufin rana ya fi duka daɗin aiki, domin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, tana da jadawalin kowane husufi da ranarsa da wuraren da aka gan shi. A ƙarshe ki rubuta "tsakanin kaza da kaza", ki ƙara da cewa dangi suna cewa 110. Ba sai kin yi musu da kowa ba.

Jerin zuri'a da fensir ake yin sa, a babbar takarda. Ki sa ta a tsakiya, ki fara hawa sama: iyayenta, kakanninta, 'yan'uwan kowannensu, don wannan ɓangaren ne zai tafi da ita. Na ƙasa kowa ya sani. Kowane mutum ki rubuta sunansa na yanka, laƙabinsa, sunan da yara ke kiransa, sunan mahaifiyarsa, da na nawa ne a haihuwa. Kurakuran da aka fi yi sanannu ne: a mayar da mutum ɗaya biyu saboda yana da suna biyu, a haɗe mutum biyu saboda sunansu ɗaya, a sa ɗan riƙo cikin 'ya'yan ciki, a tsallake waɗanda suka rasu suna jarirai. Maimakon "'ya'ya nawa ta haifa?" ki ce "haihuwa nawa ta yi, nawa suka rayu?" Ki dage kan sunayen mata, su ne suke fara ɓacewa. Kowane mutum yana da iyayen kakanni 8, ita ɗaya ce daga cikin naki, kuma a ƙiyasi kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonki daga gare ta suke. Da yake uwa ce ta haifi uwa har zuwa kanki, akwai wani ɗan ɓangare da ake kira mitokondiriya, wanda ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, naki nata ne kusan ba sauyi.

Tunda an zo nan, ki keɓe zama guda ga lafiya: wa ya rasu da me, yana da shekara nawa. Ciwon sukari, hawan jini, shanyewar ɓarin jiki, sankarar mama, sikila, yaran da suka riƙa mutuwa a ɗaki ɗaya. Ba za ta san sunan da ake kiran ciwon a asibiti ba, ki rubuta yadda ta siffanta, kumburin ƙafa ne, tari ne, faɗuwa ce. Ciwon da ya kama mutum kafin ya kai 50 shi likitoci suka fi son sani.

Ƙanwar kakarki kuwa, kada ki ga baƙinta. Hoton da aka ara ba kasafai yake dawowa ba, wataƙila ta gani da idonta. Kada ki nemi fita da ko ɗaya. Ki ce mata a gabanta za ki ɗauka da waya, ita za ta miƙo ta karɓa, kuma ita kike so ta taya mahaifiyarta faɗin sunayen mutanen ciki. Wanda aka ba matsayi a aiki ba ya tare ƙofarsa. Ki shimfiɗa hoton kusa da taga inda rana ba ta dukansa kai tsaye, ki kashe filashin kyamara, wayar ta daidaita a samansa ba a karkace ba, ki ɗauki gaba da baya, don hatimin mai hoto ko rubutun baya yakan ba da shekara. In an samu sikana, a sa ma'aunin kaifin hotonta, wato dpi, a 600. Ki ba kowane hoto lamba, ki faɗi lambar a naɗi kafin tsohuwar ta fara bayani, in ba haka ba nan da shekara biyar za ki ji tana cewa "wannan na hagun" ba ki san wane hoto ba ne. A riƙe hoto ta gefe. Ban da laminatin, zafi da gam ɗinsa ba sa warwaruwa. Ban da salatif, ban da biro, tawadarsa tana ratsawa. Fensir mai laushi a gefen baya, in bai kama ba a rubuta a ambulan. Hotunan da suka manne da juna ko da gilashi kada a ɓamɓare, fuskar ce za ta tashi, a ɗauke su yadda suke. Danshi shi ne ajalin hoto, a ɗaga akwatin daga ƙasa, a raba shi da bango mai tsatsafo.

Za ki ji abin da ba ki nema ba: auren da ya mutu, gabar da aka binne, wanda aka ce ɗan wane ne. Tun zaman farko ki gaya mata su wa za su ji, ki naɗi amincewarta, in ta ce "wannan kashe", ki kashe da gaske. Ki riƙe cikakken naɗin a wajenki, abin da za ki tura wa dangi ki tace shi, musamman in ya shafi wanda ke raye. In kuma ta fara cewa abu kaza na wance ne bayan raina, ki sani naɗinki ba wasiyya ba ne, kuma fito da shi daga baya wuta zai kunna. Ki sanar da 'ya'yanta tun tana raye, a kira shaidu da wanda ya san doka a yi abin a ƙa'ida.

Ranar da kika naɗa, ranar za ki kwafa. Kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya a wani gida daban: misali kwamfuta, faifan ajiya na waje, da ma'ajiyar intanet. Filashin ajiya kaɗai ba abin dogaro ba ne, yana ɓata, yana kuma iya zubar da abin da ke cikinsa in ya shekara da shekaru ba a jona shi ba. Wani amintacce ya san kalmar sirrin. Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan lambar zama, don su jeru da kansu. In za ki tura ta WhatsApp, ki tura a matsayin takarda, hoton da aka tura kai tsaye raguwa yake yi. Sau ɗaya a shekara ki buɗe ki tabbatar suna aiki.

Mayar da magana rubutu aiki ne mai cin rai, awa ɗaya ta naɗi takan ci awa 4 zuwa 6, ta tsoho ma fiye. Kada ki fara da shi. Ki saurara a daren, ki yi ɗan jadawali: minti 4 sunan mahaifiyarta, minti 17 labarin ƙaura, minti 26 waƙa. Daga nan tambayoyin gobe za su fito. Idan kin zo rubutawa, ki bar kalmominta yadda ta faɗe su, tsohuwar kalmar da ba ki sani ba ki tambayi ma'anarta tun tana nan.

A zama na biyu, kafin ki yi tambaya, ki kunna mata minti biyu daga na farko, da lasifika kusa da kunnen da ya fi ji. Za ta saurara, wataƙila ta ce wace tsohuwa ce wannan, sannan ta fara gyara wa kanta: ba wance ba ce, yayarta ce, kuma ba da rani ba ne. Ki tanadi waya ta biyu tana naɗa a lokacin.